Masu Bin Sawun Mahaukaciyar Guguwa

Hadarin da ke tasowa daga gabas a watan Agusta, ya zubar da ruwa a Damagaram ko Katsina ya yi yamma, yakan kasance wata doguwar igiyar iska ce ke tafe da shi a sama. Irin wannan igiya tana farawa ne daga wajajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya da Mali, har ta faɗa tekun Atilantika ta gaɓar Senegal ko Gini. Kusan guda 60 ke wucewa a shekara, kwana uku zuwa biyar tsakanin wannan da waccan. Yawancinsu a teku suke macewa. Amma akasarin manyan guguwowin da ke rusa tsibiran Karibiyan da gaɓar Amurka daga cikinsu suke fitowa, shi ya sa ma'aikatan cibiyar lura da mahaukaciyar guguwa da ke birnin Miami ke zuba wa gajimaren Afirka ta Yamma ido tun bai bar tudu ba.

Aikin waɗannan mutane yana burge ni ƙwarai. Mai hasashe zai dubi tarin gajimare a hoton tauraron ɗan'adam, a wurin da ke da nisan dubban kilomita daga kowane gari, ya tantance ko wannan zai rayu ko zai watse. Ya san sai zafin saman teku ya kai wajen digiri 26 zuwa 27 kafin guguwa ta samu abin da za ta ci. Ya san idan iskar sama da ta ƙasa suka sha bamban sosai, sai su karya mata wuya tun tana ƙarama. Ya kuma san busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, idan ta kutsa cikinta, tana shaƙe ta. A shekarun 1970 wani masani mai suna Vernon Dvorak ya tsara hanyar ƙiyasta ƙarfin guguwa daga siffar gajimarenta kawai: yadda ya naɗe, girman idonta, da sanyin ƙololuwarsa. Har yau ana aiki da wannan hanya a tekunan da jirgi ba ya zuwa.

Guguwar Irma ta 2017 ta nuna yadda aikin yake daga farko har ƙarshe. Igiyar da ta haife ta ta bar gaɓar Afirka ranar 27 ga Agusta. Ranar 30 ga wata aka raɗa mata suna a yamma da tsibiran Kef Bade, kuma daga nan duk bayan awa shida cibiyar Miami ke fitar da sabon bayani: inda take, gudun iskarta, da inda za ta kai cikin kwana biyar.

Da ta matso kusa da tsibirai sai aka tura mata jiragen sama. A nan ne na fi jinjina wa masu wannan sana'a. Sojojin sama na Amurka da ke sansanin Keesler a jihar Misisipi, da matuƙan NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta ƙasar, suna tuƙa jirage masu farfela huɗu su keta katangar gajimaren da ke kewaye da idon guguwa, inda iska ta fi ko'ina hauka, su faɗa cikin idon da ke lum, su fita ta ɗaya gefen, sannan su juyo su sake. Suna tafe suna sakin wasu ƙananan na'urori masu 'yar lema, waɗanda ke auna matsin iska da zafi da danshi da gudun iska a duk tsawon faɗuwarsu, suna aiko da sakamakon ta rediyo har su nutse. A ƙarƙashin fiffiken jirgin kuma akwai wata na'ura da ke gane gudun iska daga yawan kumfar da ke saman ruwa. Kanar Joseph Duckworth ne ya fara shiga idon guguwa da gangan a 1943, cikin ƙaramin jirgin koyon tuƙi, a gaɓar Texas.

Waɗannan alƙaluma su ake zuba wa manyan kwamfutoci a Amurka da Turai, kowace ta zana hanyar da take ganin guguwar za ta bi. Sau da yawa hanyoyin ba sa haɗuwa, kuma a nan gwanintar mutum ke shigowa. Dole mai hasashe ya san wace kwamfuta ce ta saba karkata dama, wace ce ke saurin juyar da guguwa arewa, ya auna su, ya fitar da hanya ɗaya da sunansa a ƙasan takarda. Kewaye da hanyar yakan zana wani fili mai faɗaɗa kamar bakin kakaki, wanda aka ƙiyasta daga kurakuran shekaru biyar da suka wuce, ta yadda tsakiyar guguwa za ta kasance a cikinsa kusan sau biyu cikin uku. Wato yana faɗa wa jama'a iyakar saninsa tare da hasashensa, kuma ina ganin wannan gaskiyar ita ce ta sa ake jin maganarsa.

Game da ƙarfin iskar kuwa, ma'aunin Saffir-Simpson ya kasa ta mataki biyar. Na farko yana farawa daga kilomita 119 a awa, na biyar daga 252. Amma matsin da iska ke yi wa bango yana ninkuwa huɗu ne idan gudunta ya ninku biyu, don haka tazarar da ke tsakanin matakan ta fi yadda lambobin ke nunawa nesa ba kusa ba. Irma ta afka wa tsibirin Barbuda ranar 6 ga Satumba da iska mai gudun kusan kilomita 285 a awa, ta lalata kusan duk gine-ginen tsibirin. A irin wannan gudu, fallen kwano da katakon rufi su ke zama makamin da ke fasa gidan maƙwabci. Ga kuma ruwan teku da iskar ke turowa tudu, wanda shi da ambaliyar ruwan sama suka fi iskar kanta kisa. A Florida an umarci mutane sama da miliyan 6 su bar gidajensu kafin Irma ta sauka ranar 10 ga wata. A 1900, lokacin da babu tauraron ɗan'adam babu jirgin sama, guguwar da ta auka wa garin Galveston ta halaka mutum aƙalla 6,000.

Daga 1990 zuwa yau kuskuren hasashen hanya ya ragu da fiye da rabi. A 2012 kwamfutar Turai ta hango cewa guguwar Sandy za ta juya ta shiga gaɓar Amurka kusan mako guda kafin hakan ta faru. Hasashen ƙarfi ne har yanzu ke ba masana wuya, musamman idan guguwa ta ƙara gudu da kilomita 55 ko fiye cikin awa 24. A Oktoban 2023, guguwar Otis ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa mataki na biyar cikin kwana guda, ta faɗa wa birnin Acapulco na Meziko da tsakar dare, alhali kwamfutoci ba su hango hakan ba. Jirgin da ya shiga cikinta da ranar ne ya gano ta fi yadda hoton tauraro ya nuna ƙarfi, aka ɗaga gargaɗi, amma awoyi kaɗan suka rage wa mutanen garin. Saboda irin wannan ne yanzu ake tura ƙananan jirage marasa matuƙi can ƙasa kusa da ruwa, da jiragen ruwa masu sarrafa kansu, su auno abin da ke faruwa a daidai inda teku ke miƙa wa guguwa zafinsa.