Tarko Uku da Fiffiken Kakin Zuma: Nazari a kan Littafin James Joyce

A cikin shekara ta 1916 aka buga littafin nan na James Joyce, mutumin ƙasar Ailan, mai suna A Portrait of the Artist as a Young Man, watau siffar mai fasaha a zamanin samartakarsa. A birnin New York aka fara buga shi, bayan an fitar da shi kashi-kashi a mujallar The Egoist a 1914 da 1915. Labarin wani yaro ne, Stephen Dedalus, tun yana jin tatsuniya a bakin ubansa har ranar da ya ƙudura barin ƙasarsu. Masu karatu da yawa sun ɗauka labari ne na saurayin da ya yi watsi da addini ya sami 'yanci. A ganinmu wannan fahimta ta gaza, kuma malamin da ya koyar da littafin a kanta ya tauye ɗalibansa.

Mu fara duba tsarinsa. Babi biyar ne, kowanne ya ƙare da nasara, na gabansa kuwa ya buɗe da faɗuwa. A babi na farko, a makarantar Clongowes, wani Fada ya doki Stephen bisa zalunci don tabaraunsa ya fashe bai iya rubutu ba. Yaron ya yi ƙarfin hali ya kai ƙara wurin shugaba, abokansa suka ɗaga shi sama don murna. Da shiga babi na biyu sai ga arzikin ubansa ya karye. Haka kuma a babi na uku, bayan wa'azin azabar wuta ya razana shi, ya je ya furta zunubansa ya sami natsuwa; amma babi na huɗu ya nuna ibadar tasa ta koma lissafi, kamar ɗan kasuwa mai ƙidayar riba. Sa'an nan da ya ga wata yarinya tsaye cikin ruwa a bakin teku, ya tabbata fasaha ce kiransa, me ya biyo baya? Shayi mara kauri da takardun jingina a ɗakin girkin gidansu. Marubucin da ya yi wannan tsari ba ya nufin mu gaskata jaruminsa ido rufe.

Sunan ma ishara ne. Stephen shi ne shahidi na farko a tarihin Kirista. Dedalus kuwa gwanin maƙeri ne a tatsuniyar Girkawa, wanda ya haɗa fiffike da kakin zuma ya tsere daga tsibirin da aka tsare shi. Amma fa ɗansa ya tashi tare da shi, ya kusanci rana, kakin ya narke, ya faɗa teku. Joyce ya bar wa mai karatu ya yanke ko Stephen uban ne ko ɗan.

Tarko uku Stephen ya ce zai tsallake: ƙasa, da harshe, da addini. Na ƙasa ya fara gani tun yana ƙarami, ranar Kirsimati, sa'ad da manyan gidansu suka yi cacar baki a kan Parnell, jagoran siyasar Ailan da ya rasu a 1891, wanda limaman coci suka juya wa baya. Na harshe kuwa ya bayyana a hirarsa da wani malami Bature ɗan Ingila a kan sunan mazurari, inda ya ji a ransa cewa Turanci na malamin ne kafin ya zama nasa. Duk wanda ya yi karatu da harshen masu mulkin ƙasarsa ya san wannan ɗaci. Duk da haka da Turancin Joyce ya yi rubutu.

Na addini shi ne mafi wuyar tsallakewa. Stephen ya ƙi tayin shiga ƙungiyar Jesuit, ya kuma ƙi yin ibadar Ista ko da uwarsa ta roƙe shi. To, amma da ya zo bayyana ma'anar kyau, a wurin Thomas Aquinas, babban malamin Katolika, ya ɗebo hujjojinsa, kuma ya kwatanta mai fasaha da limami. Abokinsa Cranly ya lura cewa zuciyarsa cike ta ke da addinin da ya ke musu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: horon limaman nan ne ya ba shi kaifin hankalin da ya yaƙe su da shi.

Aibin littafin shi ne babi na biyar ya yi nauyi da muhawara, labari ya tsaya cik, ga kuma girman kan Stephen mai gundura. Sai dai gundurar nan da gangan ce, don a Ulysses, na 1922, mun sake saduwa da shi ya komo Dablin daga Faris, uwarsa ta rasu, bai rubuta abin kirki ba.

Saboda haka malami ya sa ɗalibansa su tambayi abin da Stephen ya ɗauka ya tafi da shi, da kuma wanda ya bari yana kuka a gida. Joyce kansa ya bar Ailan a 1904, ya rasu a Zurich a 1941, amma duk littattafansa na labari a kan Dablin su ke.