Mai fita aiki kullum alhali babu aikin

Yarona ne ya kunna min wannan fim a kwamfutarsa bayan isha'i, ya ce Baba sai ka gani. Na Faransa ne, sunansa L'Emploi du temps, Laurent Cantet ya shirya shi a 2001. Ba na jin Faransanci, rubutun Turancin da ke ƙasa muka bi, inda na kakare yaro ya fassara min.

Labarin wani magidanci ne, Vincent, mai 'ya'ya uku. An sallame shi daga aiki, ya kasa faɗa wa matarsa Muriel. Sai ya shiga mota ya yi ta yawo a hanya, ya kwana a cikinta, ya bugo waya gida wai taro ne ya riƙe shi. Da ƙaryar ta fara tsufa sai ya ɗinko babba: wai ya samu aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya a Jeniba. Mahaifinsa ya ba shi kuɗin kama gida a can. Tsofaffin abokai suka damƙa masa ajiyarsu ya juya musu, alhali babu kasuwar da ake juyawa.

Abin da ya riƙe ni shi ne babu wata mace a waje. Mutumin yana son iyalinsa, kuma da bakin da yake lallashinsu yake cin amanarsu. Aurélien Recoing, wanda ya fito a Vincent, ya iya. Akwai inda ya saci jiki ya shiga wani babban ofis yana leƙen ma'aikata ta gilashi, ya samu kujera ya zauna kamar mai jiran wani, har mai gadi ya zo ya sallame shi. Wallahi sai da na kau da kai. Mu da muke kasuwa a kudu mun san mai karyayyen jari da ke wanka da sassafe ya fita rumfar da babu kaya, yana aika wa gida da kuɗin bashi don kada a ji.

To amma ina da ƙorafi. Fim ɗin ya fi awa biyu, kuma yana da nawa, tuƙin mota ya yi yawa. Sannan ya fi tausaya wa maƙaryacin a kan masu dukiya, sai ka ce haƙƙin mutane ƙaramin abu ne. Ita ma Muriel, wadda Karin Viard ta fito a matsayinta, an rage mata. Ka ga a idonta ta fara ganewa tana shiru, kuma irin wannan shirun na sha gani idan an kawo sulhu zaure. Na so a zauna da ita a ji me take haɗiyewa, sai kyamara ta sake bin mijin.

A ƙarshe an nuna shi zaune ana masa tambayoyin ɗaukar sabon aiki, wanda da hannun mahaifinsa a ciki. Yarona ya ce ya tsira ke nan. Na ce mayar da wurin baya, ka dubi fuskarsa da kyau.