Bitar Oshogbo da Masu Raina Ta

Da wuya a zauna hirar zanen zamani a Nijeriya a ambaci Oshogbo ba a sami wanda zai taɓe baki ba. Zargin ya tsufa, amma bai mutu ba. Cewa ake yi wasu Turawa ne suka tara samarin da ba su yi boko mai zurfi ba, suka miƙa musu fenti da takarda, suka ce su zana aljanu da dodanni, sannan suka kwashi abin suka kai wa 'yan'uwansu Turawa masu neman Afirka irin ta mafarkinsu. Waɗanda suka fi riƙe wannan magana su ne masu zanen da suka fito daga jami'a, waɗanda suka shekara huɗu suna koyon awon jikin mutum da faɗuwar inuwa, sai ga wani ya yi bitar kwana biyar ya riga su shiga zaurukan baje koli na Landan. Ana iya fahimtar haushin. Hukuncin da aka gina a kansa ne ba ya tsayuwa.

Tarihin gajere ne. A 1961 aka kafa ƙungiyar Mbari a Ibadan, inda marubuta irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark suka haɗu da masu zane irin su Demas Nwoko da Uche Okeke, tare da Ulli Beier, haifaffen Jamus da ya zo Nijeriya a 1950. Mbari ta baje kolin Ibrahim El-Salahi na Sudan da Malangatana na Mozambik, ta kuma karɓi Jacob Lawrence, baƙar fatar Amurka da ya zana hijirar baƙaƙe daga kudancin ƙasarsa zuwa arewa. A 1962 ɗan wasan kwaikwayo Duro Ladipo ya buɗe irinta a gidansu da ke Oshogbo, aka sa mata Mbari Mbayo. A nan Denis Williams, mutumin Guyana, ya jagoranci bitocin farko, waɗanda suka fitar da Jacob Afolabi da Rufus Ogundele. Ta 1964 kuwa Georgina Beier ce ta riƙe ta, 'yar Landan da ta zauna a Zariya kafin ta koma kudu. Daga wannan bita aka sami Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Adebisi Fabunmi da Jimoh Buraimoh.

Masu suka na da abu ɗaya a hannu, kuma ba a hana su shi. Ulli Beier mutum ne mai son jan zare ta bayan labule, har wasannin kwaikwayo ya rubuta da sunan Bayarabe, Obotunde Ijimere. Gaskiya ne kuma cewa masu sayen farko galibinsu baƙi ne, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da malaman jami'a. To amma Beier da matarsa Georgina sun bar Nijeriya wajen ƙarshen 1966. Da a ce hannunsu ne ke motsa buroshin, da aikin ya tsaya a shekarar da suka tafi. Twins Seven-Seven ya ci gaba da zane har rasuwarsa a 2011, wato shekara arba'in da biyar bayan tafiyarsu.

Akwai kuma hujjar da ido ke gani. A jera aikin mutum huɗun nan a bango ɗaya, ba wanda zai ce ajinsu ɗaya. Twins da alƙalami da tawada yake cika kowane lungu na hotonsa da ƙananan layuka da ɗige-ɗige, daga baya ya koma yanka falankin katako yana ɗora wani kan wani domin siffofin su taso. Oyelami, wanda makaɗi ne tun asali, launuka masu sanyi yake shimfiɗawa, fuskokinsa da gidajensa kamar a cikin hazo. Fabunmi ya shahara da hotunan garuruwa da yake sassaƙawa ya buga a takarda, gidaje a cunkushe wasu a karkace, sannan ya koma liƙa zaren ulu. Malamin da ke cusa wa ɗalibai salonsa ba ya yaye mutum huɗu da suka bambanta haka. Abin da bitar ta ba su kayan aiki ne da wuri da wanda zai dubi abin da suka yi da muhimmanci. Sauran da shi suka zo.

Wanda ya fi nuna wannan shi ne Jimoh Buraimoh, kuma a kansa ya kamata a daɗe. An haife shi a Oshogbo a 1943. Mai gyaran lantarki ne, shi ke kula da fitilun dandamali a ƙungiyar wasan Duro Ladipo. Ya fara da fenti kamar kowa, sai ya juya ga abin da babu wanda ya koya masa a bita: ƙananan duwatsun ado, irin waɗanda ake yi wa sarakunan Yarbawa kambi da su. Yakan shirya su a zare, ya shafa gam a kan allon katako, ya bi layin zanensa yana kwantar da zaren, sahu bayan sahu, sauran filin kuma ya cike shi da fentin mai.

Da jin bayanin sai a ce ai ado ne kawai, kamar yadda masu raina aikin ke cewa. Sai an tsaya gaban hoton ake gane cewa dutsen ya sauya dokar zanen gaba ɗaya. Layin buroshi yana iya sirancewa ya ɓace, layin dutse ba ya iyawa. Kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma ya taso daga jikin allon, har yana da 'yar inuwarsa. Launi ma haka. Mai fenti yana gauraya ja da fari ya sami abin da ke tsakaninsu, amma jan dutse ja ne, fari fari ne, ba sa narkewa cikin juna. Idan Buraimoh yana son launi ya sauka a hankali daga duhu zuwa haske, dole ya jera sahu-sahu, kowane sahu da nasa launi, ya bar idon mai kallo ya yi gaurayawar daga nesa. Shi ya sa hotonsa ke da fuska biyu. Daga bakin ƙofa mutum zai ga kunci mai laushi, idan ya matso sai ya tarar da zobba ne a cikin zobba, kowanne a fili.

Zaren da aka shirya wa duwatsu kuma ba ya son kusurwa mai kaifi, lanƙwasa yake so. Wannan ne ya sa siffofin Buraimoh suke zagaye: idanu manya kamar ƙwai, kawuna masu tsawo, tsuntsaye da jikinsu ke naɗewa. Wanda bai lura ba zai ce rashin iya awo ne. Alhali kayan aikin ne ya faɗi abin da zai yiwu, mai zanen kuma ya saurara. A inda ya fi gwaninta, yakan bar fili mai faɗi na fenti lami, ba ƙyalli, sannan ya dasa fuskar dutse a tsakiya, ta yadda ido ba shi da zaɓi sai ya sauka a kanta. A inda ya gaza kuwa, kuma akwai irin waɗannan, dutsen ya mamaye ko'ina har ido ya rasa wurin hutawa.

Sai batun haske, wanda a ganin mai wannan nazari nan ne tsohuwar sana'arsa ta biyo shi. Fenti yana karɓar haske ya zauna. Dutsen gilashi mayar da shi yake yi, kowane ƙwaya ta nata gefen. Hoton da aka gani da hantsi ba shi ne za a gani da fitilar dare ba, kuma idan mai kallo ya gusa taku biyu sai wani sashe ya mutu wani ya farka. Mutumin da ya yi shekaru yana juya fitila a kan fuskar 'yan wasa ya san wannan tun kafin ya riƙe buroshi. Ba Georgina Beier ce ta sanar da shi ba, ba kuma za a same shi a manhajar wata jami'a ta lokacin ba.

Akwai wani nauyi kuma da baƙon da ya sayi hoton ba lallai ya ji shi ba, amma ɗan gari yana ji. A ƙasar Yarbawa kambin dutse na sarakuna ne, da tsuntsayensa da fuskokinsa da labulen da ke rufe fuskar mai sarauta. Sana'ar dutsen gilashi a Ile-Ife ta yi ɗaruruwan shekaru. Ɗaukar wannan kaya daga kan sarki a liƙa shi a allo a zana makaɗa da 'yan kasuwa da shi ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Masu cewa aikin Oshogbo don idon Bature aka yi shi ba su taɓa bayyana yadda aka yi ma'anarsa mafi zurfi ta zama wadda Baturen ba ya gani ba. Buraimoh daga baya ya je Jami'ar Ahmadu Bello ya karanci sassaƙa, ya yi manyan ayyukan bango har a birnin Atlanta na Amurka. Takardar jami'ar ta zo ne bayan salon ya riga ya kafu.

Ba a musun cewa kasuwa ta ɓata wani abu. Da aka ga dutse da aljanu na kawo kuɗi, sai masu kwaikwayo suka cika harabar otal-otal da kwafi marasa rai, wasu daga cikin manyan ma suka riƙa maimaita kansu. Amma wannan ciwon bai bar 'yan jami'a ba. Hoton Bafulatana da ƙwaryar nono da na mahaya dawakin sallah nawa aka zana don bangon banki?

Baje koli ya yi nasa aikin, ba shakka. Nune-nunen da aka yi a cibiyar Goethe ta Legas da kuma Landan a shekarun 1960 su suka mayar da samarin nan masu cin abinci da zane, kuma sanya Twins Seven-Seven cikin babban baje kolin Magiciens de la Terre a Faris a 1989 ya kai sunan Oshogbo inda bai taɓa zuwa ba. Sai dai baje koli girbi ne, bita ce noman. Yau hankali ya koma kan girbin kusan gaba ɗaya. Akwai Dak'Art a Dakar, akwai kasuwar 1-54 da aka fara a Landan a 2013, akwai Art X a Legas tun 2016, ga gidan baje zane na Zeitz da aka buɗe a Kef Tawun a 2017. A 2018 an sayar da hoton Tutu na Ben Enwonwu a Landan kan fam miliyan 1.2. Duk abin farin ciki ne. Amma waɗannan wurare wanda ya riga ya zama mai zane suke nunawa, kuma wanda ke shiga cikinsu ya riga ya san hanyar. Mai gyaran lantarki ba zai faɗa Art X bisa tsautsayi ya fito da sabuwar sana'a ba. Mbari Mbayo kuwa a cikin gidan mutane take, a tsakiyar gari, inda ake kiɗa da wasa, mai wucewa yana iya leƙawa.

Wanda ya fi kowa rushe gardamar jami'a da bita ɗan jami'ar ne da kansa. Bruce Onobrakpeya yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, kuma ya halarci bitocin da Beier ya shirya, inda ya ƙware a buga zane. A 1998 ya buɗe tasa, bitar Harmattan, a Agbarha-Otor da ke jihar Delta, inda farfesa da ɗan ƙauye ke aiki a rumfa ɗaya. Nike Davies-Okundaye, wadda ta taso a cikin da'irar Oshogbo, ta buɗe cibiyarta a garin a 1983 tana koyar da rinin adire kyauta, musamman ga mata, tun kafin ta gina katafaren zaurenta na Legas. Dukansu biyu sun ga abu ɗaya: bita tana yin albarka ne idan ta tarar da sana'a a hannun mutum ta buɗe mata sabuwar ƙofa. Asiru Olatunde maƙeri ne kafin ya koma buga hotuna a farantin alminiyam. Buraimoh da fitilarsa ya zo, Oyelami da gangarsa.

Arewa ta taɓa ganin irin wannan sau ɗaya a fili. Ladi Kwali gwanar ginin tukwane ce tun kafin Bature maginin tukwane Michael Cardew ya ga aikinta a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta koyi sabon gashi da sabon shafe, ta riƙe kadangarunta da kifayenta da ta saba zanawa a jikin tulu. Ita ce a bayan takardar naira ashirin. El-Salahi ma, wanda gidan Tate Modern na Landan ya yi wa baje koli na musamman a 2013, ɗan malamin allo ne, kuma harafin da ya taso yana gani shi ya zama ƙashin bayan zanensa.

Hannayen suna nan birjik: masu aikin aska takwas a wuyan riga, marinan Ƙofar Mata, dukawa, masu zayyanar allo, magina masu dagi a fuskar soro, masu sassaƙar ƙwarya. Sashen zane na Zariya yana cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, kuma tsakaninsa da irin waɗannan mutane tafiyar mintuna ce. Hukumomin al'adu na jihohi da masu hannu da shuni da ke kashe kuɗi kan bikin yanke ƙyalle na kwana ɗaya su gwada ware kwana biyar, a cikin unguwa, da takarda da fenti da gam da mutum ɗaya mai ido, su gayyaci masu sana'ar, sannan a baje abin da ya fito a wurin da maƙwabtansu za su iya shiga ba tare da katin gayyata ba.