Baƙin fenti ɗaya ga fuskoki dubu

Da damina, yaran ƙauyukan Agye da Gazawa kan ɗebo laka a bakin tabki su gina doki da mahayinsa. Launin mahayin shi ne launin ƙasar da aka ɗebo, ko ja ko baƙa, kuma ba wanda ke gardama a kai. A Turai manya ne ke irin wannan wasa. Tun da marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars a 1913, wasan yaƙi da ƙananan sojoji ya zama sha'awar magidanta: a jera rundunoni bisa tebur, a sake buga yaƙin da aka gama tun zamanin kakanni. Da can da darma ake zuba sojojin, yanzu galibi da roba ko ƙarfe mai laushi, kuma da yawansu tsayinsu milimita 28 ne. Mai wasan kan shafa musu fenti da hannunsa, har fuska.

A wannan ƴar fuska, wadda ba ta kai ƙwayar dawa biyu ba, maganar take. Cikin rundunonin da ake ƙerawa akwai sojan mulkin mallaka da Faidherbe ya kafa a 1857, waɗanda Faransawa suka kira tirailleurs sénégalais ko da yake daga ko'ina a Afirka ta Yamma aka ɗebo su. Duk wanda ya duba tsofaffin irinsu zai ga an ɓata lokaci wajen gyara jar dara da maɓallan riga da bindiga, amma fuskar an dangwala mata baƙin fenti ɗaya, sau da yawa da jajayen leɓɓa da fararen idanu, kamar hoton tallar Banania ta 1915. Hafsan Bature kuwa an ba shi kumatu da gashin baki da inuwar gajiya a ƙarƙashin ido. Mutum ɗaya yana da fuska, sauran ɗarin suna da launi.

Kuskuren ya fara daga sunan fenti. Abin da Faransanci ke kira couleur chair, wato launin fata, ruwan hoda ne mai haske. Malamin da ya taɓa ƙoƙarin fassara wannan magana ga ɗaliban kwaleji a Gidan Runji ya san shirun da ke biyo baya, domin ba fatar kowa ba ce a cikin ajin. Kamfanin Crayola na Amurka ya cire irin wannan suna daga fensirinsa tun 1962, amma sai 2020 ya fitar da fakiti mai launin fata 24. Hausa ba ta jira kamfani ba. Tana da baƙi wuluk da baƙi mai sheƙi, tana da wankan tarwaɗa, tana da ja har ta yi sunan Jatau, tana kuma da fari wanda ba Bature ba. Tsohuwar da ke kwatanta amarya a Tibiri ta fi tsohon mai fentin birnin Pari kaifin ido nesa ba kusa ba.

A yi adalci, masu fentin yau sun gyara hannu. Gwanayensu ba sa taɓa baƙi zalla. Sukan fara da ruwan ƙasa mai ratsin ja, su zurfafa kwarmin ido da ƙarƙashin haɓa da launi mai kama da shuni, sannan su ɗora haske kaɗan a goshi da doron hanci da ƙashin kumatu, tafin hannu kuma su sassauta shi. Wasu kan bambanta soja da soja a sahu ɗaya. Aiki ne na haƙuri, kuma idan ya yi kyau, sai ɗan guntun roba ya zama wani da za a iya tambayar sunan garinsu.

Ga mutanen jihar Maraɗi wannan tambaya ba ta wasa ba ce. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine, bayan kisan gillar Birnin Ƙonni, ya nufo gabas yana ƙona garuruwa har ƙasar Tasawa. Turawan cikinsa ba su da yawa. Hannayen da suka riƙe bindigogi na ƴan Afirka ne, akasarinsu daga ƙasar da ake kira Mali a yau. Su ne aka sa suka harbe Kanar Klobb a Ɗankori ran 14 ga Yuli, kuma su ne suka juya suka kashe Chanoine ran 16, Voulet ran 17, a wajen Maijirgi. Sojan da aka shafe da fenti ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan labari, domin cikinsu akwai wanda ya yi ta'asa da ganganci, akwai wanda tsoro ya kora, akwai wanda a ƙarshe ya ce ya isa.

Saura abin da kyawun fenti ba ya gyarawa. Teburin wasa na buƙatar runduna biyu masu makamai, don haka ana iya ƙera maharban Sarauniya Mangu da suka tsaya a Lugu. Amma masu dako da aka ɗaure da igiya a wuya, da matan da aka kwashe, da manoman da aka tarar a bakin rijiya, dokokin wasan ba su ba su matsayi ba, domin ba su da maki a lissafin nasara.