Jinjina ga Malamin Lissafin 'Ya'yan Artisan

A Kasuwar Artisan ta Inugu, inda Hausawa ke sauke awaki da tumaki daga Arewa, akwai yaran da kan ƙididdige ribar garke da ka tun ba su balaga ba, amma da zarar malamin sakandare ya rubuta musu aljabra a allo, sai su yi zuru, kai ka ce ba su taɓa riƙe kuɗi ba. Wannan malami, da yake karantar da masu tunani da Hausa da Ibo cikin Turanci, yake jure aji cike maƙil, da ɗalibin da ranar saukar dabbobi ta hana shi darasi, lalle ya cancanci jinjina, domin ya san yawancin fannonin jami'a ba sa buɗuwa sai da kiredit a lissafin WAEC. Fanninsa kuwa ba baƙo ba ne gare mu: da hisabi malamai ke raba gado a ilmin fara'il, kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi kan hatimin lambobi. Albashin malamin lissafin dai, Allah ya kyauta, da ƙyar yake kai ƙarshen wata.