Hannun da Ya Zana Shanun Birnin Kudu

Duk wanda ya taɓa gwada zana saniya ya san wuyar abin. Ƙafafu huɗu da ƙaho biyu kowa zai iya, amma ka sa makiyayi ya duba ya faɗi irinta, sai gwani. Wannan gwaninta ce ke manne a jikin duwatsun Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, tun zamanin da ya riga kowane tarihin baka na garin.

Basirar farko zaɓen wuri ce. Mai zanen bai shafa launinsa a falalen da ruwan sama ke wankewa ba. Ya nemi inda dutse ya yi rumfa, damina ta zo ta wuce ba ta taɓa bangon ba, rana kuma ba ta zama a kai. Launukan na ƙasa ne: ja, da fari, da baƙi. Jan shi ya fi daɗewa, domin jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe idan ta kama dutse ba ta saurin saki.

Sai zanen kansa, kuma nan ne nake ganin hannun ya nuna kansa. Dutse ba takarda ba ne. Yana da kaushi, yana da tudu da kwari, kuskure kuma ba ya gogewa da sauƙi. Duk da haka an ja layin gadon bayan saniya daga wuya har gindin wutsiya a miƙe, babu tozo. Wannan ba mantuwa ba ce. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da muke gani a kasuwanninmu duk masu tozo ne, amma shanun da ke jikin waɗannan duwatsu marasa tozo ne, wasu da dogon ƙaho, wasu da gajere irin na muturu. Mutumin ya zana abin da idonsa ya gani ne, kuma ya yi shi daidai har masana suka iya rarrabe iri da iri. Kai makiyayi daga Gwaram gaban bangon, ba ya bukatar tafinta: zai dubi ƙaho, ya dubi baya, ya ce maka waɗannan ba irin na garkensa ba ne.

Abin da ya sa wannan daidaito ya yi nauyi shi ne, yau muturu ya koma kudancin Nijeriya da tsaunukan tsakiya, inda juriyarsa ga sammore ke amfani. Shanun Kuri na Tafkin Chadi su ma ba su da tozo. Wato mai zanen ya bar mana shaidar garken da ya yi kiwo a kudancin Jigawa kafin mai tozo ya mamaye ƙasar.

Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya sanar da duniyar masana waɗannan zane-zane, kuma a 1956 ya wallafa bayani kan duwatsu masu amo, waɗanda ake bugawa su yi ƙara, da ake samu kusa da su. Akwai makamantan zanen a Geji da Shira cikin Jihar Bauchi. Irin waɗannan zane-zane ba a ɗaukarsu, sai dai a je gare su.

Shi ya sa kiyaye su ke bukatar sani. Watsa wa zane ruwa don ya fito a hoto yana jawo gishirin dutse ya ɓata launi. Gumin hannu na barin maiƙo, hayaƙin wuta na rufe shi, masu fasa dutse kuwa girgizarsu kaɗai ta isa ta ɓare bango. Wuraren suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma a wurin ma'aikatanta na Birnin Kudu ya kamata baƙo ya fara neman ɗan rakiya.