Furen Hannu: Sana'ar Ɗaka da Ta Azurta Dillalai

A shekarun 1960, dubban gidajen talakawa a Hong Kong sun zama ƙananan masana'antu. Uwa za ta karɓo buhun fallayen roba daga kamfani, bayan cin abincin dare ita da yara su kewaye shi, wannan na zura falle a jikin waya, wancan na liƙa ganye, har fure ya tashi. Washegari a mayar da kaya, a ƙirga, a biya su gwargwadon abin da suka haɗa. Furannin nan su ne suka ƙawata falo-falo a Amurka da Turai. Tarihin haɗa furen ado da hannu cike yake da irin waɗannan ɗakuna, kuma kusan ko'ina aka duba, mai haɗawa daban, mai cin riba daban.

Dalilin yana cikin yadda ake aikin. A tsohuwar hanyar Turai, ana sa wa yadin siliki ko na auduga sitaci ya yi ƙarfi, a jera shi rubi-rubi, a ɗora wani ƙarfe mai kaifi da aka ƙera da siffar fallen fure, a buga da guduma ya yanke su lokaci guda. Daga nan a rina kowane falle, gefe ya yi haske, tsakiya ta yi duhu. Sai a matse shi a cikin zubi mai zafi don jijiyoyin ganye su fito, ko a danna shi da ƙarfe mai dunƙulallen kai ya lanƙwashe. Waɗannan matakai suna buƙatar jari da kayan aiki, don haka a shago ake yin su. Mataki na ƙarshe kuwa, wato jera fallayen a jikin waya da naɗe kara, ba ya buƙatar komai sai yatsu, gam da haƙuri. Shi ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma aka tura gidaje. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda dillalin hula ke raba zare da yadi ga matan cikin gida, ya dawo ya kwashe ɗinki: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Landan ta ƙarni na 19, bugun har da rai ya ɗauka. Matan birni suna son hular da aka yi wa ado da ganye kore shar, koren da ya fi haske kuwa da gubar arsenik ake haɗa shi. Wata budurwa mai shekara 19, Matilda Scheurer, wadda aikinta shi ne barbaɗa garin wannan koren a kan ganyen ado, ta rasu a watan Nuwamba na 1861, binciken likita kuma ya nuna gubar ta ratsa jikinta. Jaridu suka yi caa, ƙungiyoyin mata suka sa masana sinadarai suka auna ganyayen, sannu a hankali masu saye suka fara gudun wannan launi.

Shekaru hamsin bayan haka, cibiyar sana'ar a Amurka ita ce New York, inda iyalan Italiyawa baƙin haure suka riƙe ta a cikin matsattsun gidajen haya. A 1913 Mary Van Kleeck ta wallafa binciken da ta yi wa gidauniyar Russell Sage kan masu wannan aiki, ta nuna yadda ake biyan 'yan sulalla a kan dozin 12, wato fure 144, da yadda aikin ke ɗaukewa da zarar kakar huluna ta wuce. Hotunan da Lewis Hine ya ɗauka a wannan zamani sun nuna yaran da ba su isa shiga makaranta ba suna zaune a bakin tebur suna ware fallaye. Tun da gida ba masana'anta ba ne, sufeton ƙwadago bai cika leƙawa ba, mai kamfani kuma ya huta da kuɗin haya da na fitila.

Garin Sebnitz da ke gabashin Jamus, dab da iyakar ƙasar Cek, ya nuna wata fuskar. Bayan da jihar Saksoni ta shiga ƙawancen kwastan na Jamus a 1834, masu yin fure daga yankin Bohemiya suka tsallako don su kauce wa haraji. Zuwa farkon ƙarni na 20 garin yana da kamfanonin fure sama da 200, kuma ƙauyukan kewaye sun dogara da aikin da ake raba musu. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta haɗe kamfanonin wuri guda a 1953. Da aka sake haɗe Jamus a 1990, kayan Asiya masu araha suka ci kasuwar. Abin da ya rage yau ɗan ƙaramin wurin aiki ne da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo.

Hong Kong ce ta fara karya farashin. Gobarar unguwar Shek Kip Mei ta Disamban 1953 ta raba mutane fiye da 50,000 da matsugunansu, gwamnati ta fara gina dogayen gidaje masu ƙananan ɗakuna, ta cika su da iyalai masu neman abin sakawa a baka. Li Ka-shing, wanda ya kafa kamfanin roba na Cheung Kong a 1950, ya je Italiya a 1957 ya ga yadda ake zuba furen roba, ya dawo ya shiga yi gadan-gadan har aka yi masa laƙabi da sarkin furen roba. Ribar fure ya juya zuwa sayen filaye da gine-gine, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Asiya. Su kuwa ma'aikata, rikicin da ya tashi a wata masana'antar fure da ke San Po Kong a watan Mayun 1967 yana cikin abubuwan da suka kunna wutar tarzomar da ta girgiza birnin a shekarar. Da China ta buɗe ƙofa a ƙarshen shekarun 1970, masana'antun suka koma lardin Guwandon inda ƙwadago ya fi sauƙi. Galibin furen roba da na yadin leda da ake gani yau a kasuwannin Kano da Maraɗi daga can China yake fitowa.

To, ina aikin hannu ya tsira? Ya tsira a wuraren da fure ke da ma'anar da ta wuce cika kusurwar ɗaki.

A Kyoto, 'yan matan da ke koyon aikin geisha, wato nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗa, suna sauya adon kai kowane wata: furen ceri a Afrilu, wani daban a Oktoba. Da hantsaki ake ninke 'yan ƙananan murabba'ai na siliki, a dangwala su a kunun shinkafa, a jera ɗaya bayan ɗaya. A Nanjin akwai furen karan-miski da ake yi da zaren siliki da wayar tagulla. Ya kusa ɓacewa, sai lardin Jiyansu ya sa shi cikin jerin al'adun gado, wani wasan talabijin na fadar sarakuna da aka nuna a 2018 kuma ya sa matasa suka yi rububin nemansa. A Faris, gidan Lemarié da aka kafa a 1880 yana haɗa wa kamfanin kayan ƙawa na Chanel farin furen kameliya da hannu, tun 1996 ma Chanel ɗin ce ta saye shi don kada gwanintar ta mutu. A Ingila, masana'antar da Manjo George Howson ya kafa a 1922 ta ɗauki sojojin da suka nakasa a yaƙi, aka tsara jan furen tunawa da mazan jiya yadda mai hannu ɗaya zai iya haɗa shi. A Meziko, iyalai suna yanka takarda mai launin ruwan goro su yi furen bikin tuna mamata na 1 da 2 ga Nuwamba.

Dukkansu abu guda ya haɗa su. Mai saye ya san abin da yake nema, akwai rana ko al'adar da ke kawo shi, kuma furen kwantena ba zai maye gurbin ba. Inda aka yi gasar yawa da araha, inji da ƙwadago mai rahusa ne suka yi nasara, daga Sebnitz zuwa Hong Kong, ita ma Hong Kong ɗin aka ƙwace mata.

Wannan ya shafi matan da ke koyon haɗa fure da ribon, duwatsun ado, takarda ko yadin safa a cibiyoyin koyar da sana'a. Wadda ta sa kanta kwaikwayon furen da ake sayarwa dami-dami a kasuwa ta shiga gasar da ba za ta ci ba, domin kuɗin waya da gam kaɗai na iya fin farashin na kanti. Wadda ta ɗauki ragowar atamfa ko leshin ankon biki ta yi wa amarya fure mai launin kayanta, ko ta ƙawata akwatunan lefe da abin da babu irinsa a shago, tana sayar da abin da masana'anta ba ta da shi. Ya kamata masu koyarwa su haɗa darasin ninke falle da na lissafin awannin aiki da yanke farashi, su kuma nuna wa ɗalibai yadda za su sadu da mai saye kai tsaye ba tare da dillali ya shiga tsakani ba.